Grade, Rank, Tier ko Level: Yadda Ake Gane Kalmomin Turanci na Hawa-hawa

Yawancinmu ta hanyar bikin yaye ɗalibai muka fara sanin kalmar *graduation*, shi ya sa da an ambace ta sai doguwar riga da hula mai tuntu su faɗo a rai. Amma ɗauki kwalin sirinji ka duba bayanin da ke jikinsa, kana iya ganin an rubuta *graduation 0.01 ml*. Nan babu ɗalibi, babu biki. Ƙananan layukan nan da aka zana a jikin sirinjin ake nufi, da tazarar da ke tsakanin kowane layi da na gabansa. Wannan ma'ana ta jera abu hawa-hawa ita ce za mu bi, tare da dangin kalmomin da ke tafiya da ita.

Tushen kalmar Latin ne, *gradus*, wato taku ko matakala. Daga shi *grade* ta fito, da *gradual*, *gradation*, *gradient* da *graduate*, har da *degree* wadda ta ratsa ta Faransanci kafin ta shiga Turanci, mu kuma muka mayar da ita digiri. Kalmarmu ta daraja ma irin wannan tarihi gare ta, domin a Larabcin da muka aro ta, matakin bene ma daraja ake ce masa. Ɗalibin da aka yaye, a hoton da ke cikin kalmar, mataki ɗaya ya taka ya hau na gaba.

Wahalar ita ce Hausa tana da mataki, matsayi, daraja, muƙami, aji, rukuni, hawa da sahu, Turanci ma yana da nasa tulin, kuma ba su faɗa kan juna ɗaya bisa ɗaya ba. Ƙamus zai ba ka "mataki" a gaban kalma biyar ko shida, ya bar ka da zaɓi. Saboda haka kafin ka fassara ko ka rubuta, yi wa jimlar tambaya uku. Me aka jera, mutane ne, inganci ne, yawa ne ko lokaci? Matakan a rarrabe suke kamar na tsani, ko a shafe suke kamar gangaren tudu? Sannan wane ɓangare ne sama, lamba 1 ko babbar lamba? Ta ukun nan ita ta fi kayar da mutane, za mu daɗe a kanta can gaba.

'Yan ɗaki ɗaya masu kama da juna

Ainihin aikin *grade* shi ne nuna matsayin da abu ya samu bayan an gwada shi da mizanin da aka riga aka ajiye. Haka ake yi wa katako, ƙarfe, auduga, ƙwai da takardar jarrabawa. Mizanin ne alƙali, ba sauran 'yan takara ba. Idan ƙwai dubu duk sun cika sharaɗin *Grade A*, duk dubun za su samu, babu wanda zai rasa don wani ya fi shi.

A Amurka kalmar tana da ma'ana biyu a makaranta. Tana nufin aji, daga *first grade* na yara 'yan kimanin shekara 6 har *twelfth grade*, tana kuma nufin sakamako, A ko B ko C. *She is in the fifth grade* tana aji biyar kenan, *she got a good grade* kuma ta ci sakamako mai kyau. A Ingila aji *Year* ne, daga *Year 1* zuwa *Year 13*, makin da malami ya rubuta a kan takarda kuma *mark*. Akwai ma'ana ta uku da masu aikin hanya suka sani: daidaita ƙasa da karkatarta. Daga nan sunan gireda ya fito, kuma shi ya sa wurin da titin mota ya ratsa layin dogo Amurkawa suke ce masa *grade crossing*, Turawan Birtaniya kuma *level crossing*.

*Gradation* da *graduation* harafi ɗaya ya raba su, amma kama da wane ba wane ba ne. *Gradation* sauyi ne a hankali, ko jerin matakai ƙanana masu kusa da juna ƙwarai, irin launin sararin sama da magariba, daga ja zuwa ruwan goro zuwa shuɗi, kana ganin bambanci amma ba za ka iya ɗora yatsa a kan iyakar ba. *Graduation* kuwa layi ne da aka zana da gangan a jikin abin awo. Gwajin mai sauƙi ne: in abin rula ne ko sirinji ko ma'aunin zafi, kuma kana iya ƙirga layukan, mai *u* ɗin ce. Wajen furuci ma a kula, ta farko gira-dei-shan, ta biyu gira-ju-ei-shan. Ita kanta *graduate* furucinta biyu: in suna ce, wato mutumin da ya kammala, ƙarshenta gajere ne, in aikatau ce sai a ja shi ya zama "eit".

Ga wani tarko da ke kama masu fassara takardun gini. Injiniya in ya ce yashi ko tsakuwa *well-graded* ne, ba yana nufin duk girmansu ɗaya ba ne. Akasin haka yake nufi: akwai manya, matsakaita da ƙanana, har ƙananan suna cike ramukan da ke tsakanin manyan, shi ya sa suke danƙarewa da kyau in an daddale su. Wanda duk ƙwayoyinsa girma ɗaya ne, shi ake kira *poorly graded*, ko da kuwa tsaf yake a ido.

Karanta layukan awo

Kwalbar awo mai tsawo ta ɗakin gwaji *graduated cylinder* take a Amurka, *measuring cylinder* a Birtaniya. Kafin ka auna komai da ita, sai ka san ƙimar layi ɗaya. Zaɓi lambobi biyu da aka rubuta a jere, a ce 20 da 30, ka cire ƙaramar daga babbar, ka samu 10. Sai ka ƙirga tazarar da ke tsakaninsu, ba layukan ba. In gajerun layuka huɗu ne tsakanin 20 da 30, tazara biyar kenan, kowace mililita 2. Mai gaggawa zai raba 10 da 4 ya samu 2.5, to ruwan da ya tsaya a kan gajeren layi na uku zai karanta shi 27.5 alhali 26 ne. Wannan kuskure na ƙirga layi maimakon tazara yana bin kowane awo da aka yi da kwalbar.

Na biyu, saman ruwa a cikin siririyar kwalba ba lebur yake ba, yana lotsawa a tsakiya kamar cikin cokali, gefensa ya ɗan hau jikin gilashi. Sunan wannan lanƙwasa *meniscus*. Ajiye kwalbar a kan tebur madaidaici, ka sunkuya har idonka ya yi daidai da saman ruwan, ka karanta daga ƙasan lotsawar. Zaiba ita kumbura take yi sama, don haka daga ƙololuwarta ake karantawa. Wanda ya leƙa daga sama ko daga ƙasa layin da ba shi ba zai gani.

Kada a haɗa *graduated* da *calibrated*. Na farko yana cewa ne kawai an zana layuka. Na biyu yana cewa an gwada layukan da wani ma'auni tabbatacce an ga sun yi daidai. Jug ɗin roba yana iya cika da layuka amma ba a taɓa gwada shi ba. A kayan gilashi na ɗakin gwaji za ka ga *Class A* ko *Class B*, kuma kuskuren da aka yarje wa B yakan kai ninki biyu na A. Za ka kuma ga *TC* ko *In*, ma'ana layin yana nuna abin da kwalbar ta ƙunsa, ko *TD* ko *Ex*, ma'ana abin da za ta zubar bayan ɗan ruwan da ke maƙalewa a jiki. Galibi a zafin digiri 20 aka yi gwajin.

In ta shiga harkar kuɗi

*Graduated tax* haraji ne mai hawa-hawa, kowane zango na kuɗin shiga da nasa kason. Zangon shi ake kira *bracket* a Amurka, *band* a Birtaniya. Mutane da yawa suna zaton da zarar albashi ya tsallaka zango na gaba, duka kuɗin ne za a yanka da sabon kason. Ba haka ba ne. Ga misali na lissafi kawai: a ce 10,000 na farko ana cire kashi 10 cikin 100, abin da ya haura haka ana cire kashi 20. Mai samun 25,000 zai biya 1,000 a zangon farko, sannan kashi 20 na ragowar 15,000, wato 3,000. Jimla 4,000, kashi 16 kenan na abin da ya samu. Kashi 20 ɗin nan shi ne *marginal rate*, kashi 16 kuma *effective rate*.

Wannan bambanci yana fitowa a takardun farashi ma, kuma a nan ne ake rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. A ce guda 100 na farko kowanne 5 ne, abin da ya wuce 100 kuma kowanne 4. Mai sayen 150, in tsarin *graduated pricing* ne, zai biya 500 da 200, wato 700. In *volume pricing* ne, duka 150 ɗin za su koma 4, ya biya 600. Duka biyun ana iya kiransu *tiered pricing*, saboda haka in ka ga wannan kalma ita kaɗai a yarjejeniya, ka nemi a rubuta maka misali da lambobi kafin ka sa hannu.

*Gradient* kuma lamba ce ta tsananin gangara: tsayin da aka hau a raba shi da nisan da aka yi a kwance. Hanyar da ta hau mita 1 cikin mita 10 ana rubuta ta *1 in 10* ko 1:10 ko 10%. Kashi 10 ba digiri 10 ba ne, kusan digiri 5.7 ne, kuma gangara mai 100% ba bango ce a tsaye ba, digiri 45 ce. A rubutun 1:12 da 1:20, mai babbar lambar ce ta fi sauƙin hawa. Dokar Amurka ta hana gangarar keken guragu ta fi 1:12 tsanani, wato dandamali mai tsayin santimita 30 yana buƙatar gangara mai tsawon mita 3.6.

In mutane aka jera

*Rank* asalinta sahu ne. A fareti, *rank* su ne waɗanda suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, *file* kuma waɗanda suka tsaya wani bayan wani. Daga nan aka samu *rank and file*, wato ƙananan sojoji, daga baya kuma talakawan mambobin ƙungiya ko jam'iyya. Mai fassarar da ya ga *the ranks* ya rubuta "manyan hafsoshi" ya juya maganar ƙasa a sama. *He rose through the ranks* na nufin daga ƙasa ya faro, tun yana kurtu, ya yi ta samun ƙarin girma. *To pull rank* kuma nuna wa na ƙasa isa ne da muƙami a inda hujja ta ƙare.

Hausa takan ce muƙami ga abu biyu da Turanci ya raba. Kanar *rank* ne, girma ne da mutum yake ɗauke da shi a kafaɗa duk inda aka kai shi. Kwamandan runduna kuwa *post* ne ko *appointment*, kujera ce da ake iya ɗauke shi daga kanta gobe ba tare da an taɓa aninansa ba. Sunayen girman ma suna da nasu ruɗani. Manjo ya fi laftanar, amma laftanar janar ya fi manjo janar, dalili kuwa shi ne manjo janar gutsure ne daga tsohon suna *sergeant major general*. Kyaftin na sojan ruwa kuma daidai yake da kanar na sojan ƙasa, ya yi wa kyaftin na ƙasa nisa.

A aikin gwamnati *grade* da *step* tare suke tafiya. Tsarin albashin ma'aikatan tarayyar Amurka da ake kira *General Schedule* yana da *grade* 15, kowanne da *step* 10 a cikinsa. Hawa *step* ƙarin albashi ne a kan aiki ɗaya: shekara ɗaya-ɗaya a hawa uku na farko, biyu-biyu a uku na tsakiya, uku-uku a na ƙarshe, shekara 18 kenan daga na 1 zuwa na 10. Hawa *grade* shi ne ƙarin girma na gaske. In ka fassara duka biyun da "mataki", mai karatu ba zai san wanne aka samu ba. Gara ka ce matakin aiki ga na farko, ƙaramin hawan albashi ga na biyu.

*Hierarchy* tsanin ne gaba ɗaya, ba mataki ɗaya a jikinsa ba. Daga Girkanci take, an fara amfani da ita wajen jerin darajojin mala'iku a rubuce-rubucen Kirista, sannan na shugabannin coci, kafin ta zama ta kowace ma'aikata. Don haka ba a cewa *a man of high hierarchy*, sai dai *high in the hierarchy*. A rubutu *i* ke gaban *e*, masu yawa suna juya su. Sandar tsanin da ake takawa ita ce *rung*, kuma an fi jin ta a maganar na ƙasa, *the bottom rung*. *Echelon*, da ake furtawa eshalon, kalmar Faransanci ce mai ma'anar wannan sanda ɗin dai, amma a Turanci an fi jin ta a jam'i kuma a maganar manya: *the upper echelons*, manyan ƙusoshi. *Pecking order* kuwa daga kaji aka samo ta. Wani masani ɗan Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana a farkon shekarun 1920 yadda kowace kaza a garke ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Gaba da gabanta kenan. Ana amfani da ita ga tsarin da ba a rubuta ba amma kowa ya san shi, kuma tana da ɗan zolaya a ciki, kada ka sa ta a wasiƙar hukuma.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. *Tier* hawa ne irin na kujerun filin wasa, matakai kaɗan masu faɗi, furucinta tiya. *Level* ita ce mafi sauƙin kai, tana shiga kusan ko'ina, daga matakan iya harshe na Turai guda shida, A1 zuwa C2, har yawan sukari a jini. *Stratum* shimfiɗa ce ta dutse ko ta al'umma, jam'inta *strata*, don haka *a strata* kuskure ne. *Stage* da *phase* na lokaci ne, zango bayan zango, ba fifiko suke nunawa ba. Likitocin ciwon daji suna amfani da *grade* da *stage* a takarda ɗaya da ma'ana daban: *grade* yana faɗin yadda ƙwayoyin ciwon suka sauya kama in an duba su a madubin likita, *stage* kuma yana faɗin girman ciwon da nisan da ya yaɗu a jiki, har zuwa na 4.

Ina ne sama?

Kalmar ita kaɗai ba ta faɗa maka wane ɓangare ne sama. Wannan shi ne abin da ƙamus ba ya faɗa, kuma shi ne ke jawo fassara mai haɗari.

Duba *degree*. *First-degree burn* ita ce ƙuna mafi sauƙi, fatar sama kawai ta yi ja, *third-degree* kuma ta cinye kaurin fatar duka. Amma a kotunan Amurka *first-degree murder* shi ne kisa mafi muni, wanda aka tsara da gangan. Kalma ɗaya, lamba ɗaya, tsanin ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa. *Grade* ma haka take a ƙasa ɗaya: a Ingila ginin tarihi mai *Grade I* shi ne mafi daraja, amma a jarrabawar kiɗa *Grade 1* na 'yan koyo ne, *Grade 8* ne ƙololuwa. Jarrabawar sakandare ta ƙasar da ake kira GCSE ta koma lambobi tun 2017, 9 ce sama, 1 ce ƙasa, 4 kuma ita ce ake ɗauka an ci. Digirin jami'a kuwa *First* ne sama, galibi daga maki 70, sai 2:1, sai 2:2, sai *Third*. Wannan maki 70 ɗin a yawancin makarantun Amurka C zai ba ka da ƙyar.

*Tier 1* yawanci na gaba ne, kamar *Tier 1 capital*, jarin banki mafi ƙarfi. Amma a sashen taimakon masu amfani da kwamfuta *Tier 1* su ne masu ɗaga waya na farko, ƙwararrun suna *Tier 3*. A cibiyoyin ajiye bayanai kuma *Tier IV* ce mafi aminci. Guguwa mai *Category 5* ita ce mafi ɓarna, amma a shirin ko-ta-kwana na sojojin Amurka DEFCON 5 zaman lafiya ne, DEFCON 1 bakin yaƙi. Masu sana'a ma sun san nasu: samfefa mai lamba 60 kaushi gare ta, mai 400 laushi, wayar lantarki kuma a ma'aunin kauri na Amurka da ake kira AWG duk yadda lambar ta ƙaru sirancewa take yi, mai 10 ta fi mai 14 kauri.

Hanyar tsira ɗaya ce. Nemo jerin gaba ɗaya, ka ga farkonsa da ƙarshensa, sannan in za ka rubuta da Hausa ka ƙara 'yan kalmomin da za su nuna alƙibla. Maimakon "guguwa mai mataki na 4", rubuta "guguwa mai mataki na 4 cikin 5, inda na 5 ne mafi tsanani". Kalma takwas ka ƙara, amma mai karatu ya san ko gudu zai yi.

Bayan alƙibla, sai tazara. *Scale* ta wannan ma'ana daga kalmar Latin ta tsani take, ba ita ce sikelin awon nauyi ba, ba kuma ɓawon jikin kifi ba, duk da rubutunsu ɗaya. Matakan tsanin ba lallai su yi nisa ɗaya ba. A ma'aunin taurin duwatsu na Friedrich Mohs na 1812, daga 1 zuwa 10, daimon ne na 10, amma ratar da ke tsakanin 9 da 10 ta fi ta kowane mataki biyu da ke ƙasa nesa ba kusa ba, jerin yana faɗin wa ke karce wa ne kawai. A ma'aunin girgizar ƙasa na Richter na 1935, ƙarin lamba ɗaya ninki 10 ne na girman motsin da na'ura ta ɗauka, kusan ninki 32 na ƙarfin da ya fita. Mai cewa girgiza mai maki 7 ta "ɗan fi" mai maki 6 bai fahimci tsanin ba. Ma'aunin zafi na *centigrade*, wato mai mataki ɗari, wanda aka mayar da sunansa Celsius a 1948, tazararsa daidai take, amma duk da haka digiri 20 bai ninka digiri 10 zafi ba, domin sifirinsa daskarewar ruwa ne kawai, ba ƙarewar zafi ba.

Aikatau

*Rank*, *rate* da *grade* in sun zama aikatau aiki uku suke yi. A ce ɗalibai biyar sun ci 95, 92, 92, 74 da 60. In an yi *grading* da sharaɗin A daga 90, mutum uku sun samu A. In an yi *ranking*, an gwada su da juna ne, na ɗaya mutum ɗaya ne tak. Masu 92 sun yi kunnen doki a na biyu, kuma a nan sai ka zaɓi tsari: ko dai 1, 2, 2, 4, 5 kamar yadda ake yi a wasanni, ko 1, 2, 2, 3, 4 wanda ake kira *dense ranking*. Masu aiki da SQL, harshen kwamfuta na sarrafa rumbun bayanai, suna da *RANK* don na farko, *DENSE_RANK* don na biyu, kuma rashin sanin bambancin yana sa rahoto biyu daga bayanai ɗaya su saɓa. *Rating* kuma maki ne da mai dubawa ya bayar a kan wani ma'auni, kamar tauraro ɗaya zuwa biyar, kowa yana iya samun biyar.

Wajen hawa da sauka, mutum *promote* da *demote* ake yi masa, kaya da ƙima kuma *upgrade* da *downgrade*. Ƙungiyar ƙwallo *relegate* ake yi mata, kamar uku na ƙarshe cikin 20 na gasar Firimiyar Ingila da ke faɗawa *Championship* duk kaka. Yi hattara da *degrade*. Ko da yake a tarihi sauke mutum daga girma take nufi, yau wulaƙantawa ko lalacewa ake ji a cikinta. Ka rubuta *the officer was degraded* da nufin an rage masa girma, mai karatu zai ɗauka an ci mutuncinsa ne. Ƙaramin motsi na hawa ɗaya kuma *notch* ne. A ma'aunin amincin biyan bashi na kamfanonin S&P da Fitch, BBB- shi ne matakin ƙarshe na *investment grade*, saukar *notch* ɗaya zuwa BB+ ta fitar da mai bashin daga sahun amintattu.

Akwai kuma lambobin da suke sanye da rigar *grade* amma ba fifiko suke nunawa ba sam. A man inji, 20W-50 bai fi 5W-30 kyau ba, kauri kawai ya fi shi. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta bayan kuma kaurinsa in inji ya yi zafi, wanda ya dace shi ne wanda littafin motar ya ce. A ƙarfen da ba ya tsatsa, 316 ya fi 304 jure ruwan gishiri saboda sinadarin molibdenum da aka ƙara masa, sai mutum ya zaci tsanin sama yake yi. Amma 430, mai lambar da ta fi su duka, bai kai 304 jure tsatsa ba, kusan babu nikel a cikinsa, kuma maganaɗisu yana kama shi. A irin wannan wuri *grade* nau'i take nufi, kuma da "nau'i" ko "iri" za ka fassara ta.